Kilomita Sittin da Uku

Tahidu ya ɗaga wa masu shan shayi a bakin masallaci hannu, ya murɗa babur ya ɗauki hanyar Kumbungu, yadda duk mai ido a Moshi Zongo zai shaida cewa tela ya tafi Nawuni kamun kifi. Sai da ya wuce gidan mai na biyu ya waiwaya. Ba kowa a bayansa sai wata mai tallar koko. Nan ya karya hagu, ya bi ta bayan gari cikin kwatami da awaki, har ya faɗo titin Kumasi. Zagayen kilomita biyar ne, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan yana yin sa kowace Lahadi, tafiya da dawowa.

Tahidu bai taɓa jefa ƙugiya a Nawuni ba. Wurinsa yana can ƙasa da Yapei: a sauka daga kwalta kafin gada, a bi burji har wata tungar masunta, a kafe babur, sannan a taka da ƙafa. Daga ƙofar gidansa zuwa tungar, har da zagayen, kilomita sittin da uku ne cif. Masu fatsa a Tamale kuwa da nisa suke auna juna. Mai zuwa dam ɗin Bontanga ɗan shan iska ne. Wanda ya kai Nawuni, to, ana iya matsa masa a kan bencin hirarsu. Akwai wani malamin makaranta a Jisonayili mai cika baki wai har Buipe yake zuwa, sai dai kowa ya lura kifinsa da ƙanƙara a ciki yake isowa gida. Tahidu ya fi su duka tafiya ta gaskiya, amma ya haɗiye abin alfaharinsa, don mai gurbi ba ya talla.

Gurbin shi ne zancen. A wata kwana ta kogin, ƙarƙashin wata kanya, akwai rami mai zurfi inda ruwa ke lafawa. Ka'idar masu fatsa kuma ɗaya ce, ba a rubuce take ba amma ba mai musunta: gurbi na wanda ya ciyar da shi ne. Duk Litinin matarsa Awawu takan jiƙa masa dusar masara, ta bar ta ta yi tsami har maƙwabta su fara tsaki. Ran Lahadi ya kwaɓa ta da laka, ya dunƙula, ya jefa cikin ramin. Ƙananan kifi su taru kan dusa, manya su biyo ƙanana. A haka wata giwar ruwa ta tare a wurin, ya raɗa mata suna Magajiya. Sau biyu ya ga bayanta. Sau ɗaya, bara, ta ɗauki ƙugiyarsa ta tsinke zaren, ta bar shi da yanka a tafin hannu, kuma har yau yakan shafa tabon yana murmushi shi kaɗai.

Kwana shida yana duƙe a kan keken ɗinki, mata na yi masa ruwan masifa kan wuyan riga da hannun riga. Rana ɗaya ce tasa. A kan dutsen gindin kanyar nan ba mai kiran sunansa, wayar ma ba ta kamawa. Yana son wurin so na gaske, irin wanda bai taɓa furta wa ɗan Adam ba.

Ƙarfe takwas da rabi ya isa tungar. Adzo na gaban murhun bandarta tana farke kifi. Ita ce mai jirage biyu da babban tarun da ke wurin, mijinta Papa Kow shi ke shiga ruwa da mutanensa.

"Tela, ka zo," in ji ta da Hausarta ta kasuwa. "Yau ma ba za ka faɗa mini ina kifi yana kwana ba?"

"Kifi a ruwa yake kwana, Anti Adzo."

Sun saba da wannan gaisuwar. Tun shekarar farko ya rantse musu cewa kwanar kanya cike take da kututture, duk tarun da ya shiga ba zai fito da kamanninsa ba. Suka yarda, don Papa Kow ya taɓa yaga taru a wurin. Kuma kullum in ya kafe babur sai ya nufi sama da kogi a gaban idonsu, ya shiga ciyawa, ya zago ta daji ya gangara ƙasa.

"Inuwarka wani ya ɗauka," ta ce, ta nuna da wuƙa. "Tun da safe moto yana nan. Mai shi ban gan shi ba."

A gindin mangwaron da ya saba kafe nasa, ga wani babur mai shuɗin tanki, an ɗaure madubinsa da waya. Ya san babur ɗin kamar yadda ya san yunwar cikinsa. Na Buraima ne, ƙanin Awawu, bakaniken da ke juye masa man babur duk wata.

Tsakaninsu akwai tsohon tabo. Shekarun baya Buraima ya yi ta roƙon a tafi da shi, Tahidu ya ce masa ya same shi a Nawuni. Lahadi uku yaron nan yana bin gaɓar Nawuni yana cigiyar tela, ta ƙarshe ruwan sama ya yi masa dukan kawo wuƙa, ya kwanta mako guda. Tahidu ya mai da abin labarin ban dariya a benci, wai ai wasan miji da ƙanin mata ne. Ko shekaranjiya Juma'a sai da ya ce a gaban jama'a, Buraima ko a cikin baho aka saka masa kifi sai ya kamo soso.

Ya saɓa buhun dusa ya nufi sama da kogi kamar kullum, don ko a cikin tashin hankali ƙafarsa ba ta manta ƙaryarta ba. Tafiyar minti arba'in ya yi ta a talatin, ƙaya na fizgar wandonsa.

Buraima na zaune a kan dutsen. Ya miƙe ƙafa, sandar gora a hannu, hularsa rataye a reshen da Tahidu ke rataya tasa.

"Sannu da hanya, Yaya," ya ce bai ko juyo ba. "Yaya mutanen Nawuni?"

"Tashi."

"Ko sallama babu?"

"Na ce ka tashi daga kan dutsena. Wa ya nuna maka nan? Yayarka ce?"

"Bar Yaya Awawu, ita ma Nawunin ka sayar mata. Motonka ne ya faɗa mini." Buraima ya ɗan ja zare ya sake. "Nawuni da dawowa tamanin ne. Kai shago da ƙafa kake zuwa, amma agogon motonka yana cin ɗari da ashirin da shida duk mako. Ban yi boko mai nisa ba, amma fita ne ni, mai gyaran moto, na san lamba. Na raba biyu na ce, ina ruwa yake a sittin da uku? Mai sayar da fetur a Yapei ya ƙarasa mini sauran. Ya ce ai tela mai buhu mai wari, kowa ya san shi."

Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma Tahidu bai taɓa zaton nasa a gaban babur yake maƙale ba, yana ƙirga kansa da kansa. Ya sauke buhun.

"Tun yaushe kake satar mini kifi?"

"Shekara biyu, kowace Laraba. Amma gyara bakinka, Yaya. Buɗe jakar can."

Bai buɗe ba. Tsamin da ke fitowa daga cikinta ya isa amsa.

"Rabin buhu nake zubawa duk zuwa, har da dakakken ƙuli-ƙuli," in ji Buraima. "Ka tuna lokacin da jakarka ta fara cika, kana zuwa benci kana cewa hannunka ne mai albarka? Hannuna ne. Na yi shiru paa, na bar ka kana baki. Sai ran Juma'a ka ce soso zan kama a baho, har 'yan benci suna riƙe ciki. Shi ne na ce bari in zo ran Lahadi mu gaisa."

Wannan ce ta soke shi. Shekara biyu daidai ke nan da kifi ya ƙaru a gurbin, shekara biyu yana ganin kansa gwani. Kuma ya san abin da duk wani mai fatsa zai ce in aka kai masa ƙara: wanda ya zuba dusa shekara biyu yana da rabo a rami. Ka'idar da ya daɗe yana dogara da ita ce ta juyo ta cije shi. Ya ji ya tsani yaron nan tun daga hularsa har silifas ɗinsa. Ya sa ƙafa ya shuri gwangwanin tanarsa, ya faɗa ruwa.

Buraima ya ajiye gora ya miƙe. Ya fi Tahidu tsawo da kai guda, kuma hannun da ya saba kwance kusoshi ba abin wasan tela ba ne. Ya cafki wuyan rigarsa ya ɗaga shi har dugadugansa suka bar ƙasa.

"Ba don Yaya Awawu ba, da ka bi gwangwanin nan," ya ce a hankali. Ya sake shi. "Ran Laraba na haɗu da babbar. Ta tafi da ƙugiyata, amma yanzu na san inda take kwanciya. Yau zan fito da ita, in ɗaure a bayan moto, in bi ta gaban shagonka."

Ya koma ya zauna. Sannan ya muskuta gefe guda.

"Dutsen ya ishi mutum biyu. In za ka zauna, zauna."

Da wani ne da ya zauna, ya yi kumburinsa ya gama, kafin azahar a ci garin rogo da ƙuli tare. Amma Tahidu a kunnensa sadaka aka yi masa, a kan dutsen da ya share da hannunsa shekara goma sha ɗaya. Ya dubi tazarar da aka bar masa, ya dubi ƙeyar Buraima, ya hango Magajiya ɗaure a bayan shuɗin tanki tana wucewa ta gaban benci. Zuciya ta ce masa, a fasa kowa ya rasa. Bai yi musu da ita ba.

Ya bar buhun a nan ya juya. Wannan karon bai zaga ta daji ba, bakin ruwa ya bi kai tsaye, sai ga shi a tungar cikin minti goma sha biyar.

Adzo ta ga ya ɓullo daga ƙasa maimakon sama, ta tsai da wuƙarta.

"Anti Adzo, kina son sanin inda kifi yake kwana?"

"Kai tela, kada ka wasa da ni da safe."

"Kwanar kanya."

"Wurin kututture? Kana so taruna ya mutu?"

"Kututture ɗaya ne tak." Ya tsuguna ya ɗauki tsinke ya zana a yashi. "Ga kanya. Ga dutse. Kututturen yana nan hagu, taku goma daga gaɓa. In jirgi ɗaya ya tare baki, ɗayan ya zago ta dama, ƙasan wurin yashi ne zalla, ko allura ba za ta maƙale ba."

Papa Kow, da ke kishingiɗe yana ɗinkin taru, ya taso ya leƙa zanen. Ya dubi matarsa, suka yi 'yan maganganu da yarensu. Adzo ta sake duban Tahidu, ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Shekara goma sha ɗaya kana ɓoye. Me ya sa yau?"

"Ina ruwanki? Za ku je ko in kira wasu?"

Ta miƙe ta ƙwala wa mazan kira. Kafin a ce me, maza shida sun loda taru, har ita ta ɗaura zani ta shigo. Tahidu ya zauna a goshin jirgin farko yana nuna hanya, ƙirjinsa na zafi, yana jin daɗin zafin.

Da suka sha kwana Buraima ya hango su. Ya miƙe da gora a hannu, bakinsa a buɗe. Wannan fuskar Tahidu ya zo gani, kuma ya gan ta son ransa.

"Yaya, me ka yi?"

"Ai ka ce dutsen ya ishi mutum biyu. Na ga kamar zai ishi tara."

"Kai mahaukaci ne kuraa, mahaukaci tuburan," in ji Buraima. "Gurbinka ne fa. Naka ne."

"Ɗazu ba haka ka ce ba."

Papa Kow bai tsaya sauraron rigimar mutanen Tamale ba. Jirgi ɗaya ya tare baki, ɗayan ya zago ta dama yana sakin taru, daidai yadda aka zana a yashi. Suka fito gaɓa suka kama igiya, uku nan uku can, suna ja suna waƙa. Tarun bai maƙale ko sau ɗaya ba, don tela ya san ƙasan ramin fiye da yadda ya san ɗakinsa.

Ruwan ya fara tafasa. Karfasa ne suka fara tsalle, sai tarwaɗa, sai kurungu masu kukan ƙofa, har da 'yan mitsi-mitsin da Tahidu ke mayarwa ruwa in sun kama ƙugiya, yana ce musu su je su girma. Taru ba ya mayar da kowa. Aka juye su a yashi tuli guda, suna birgima, kuma a nan daɗin da ke ƙirjinsa ya fara tsiyayewa. Bai kai tsawon shan shayi kofi ɗaya ba.

Can ƙarshen tarun wani abu ya doka, har maza biyu suka zame. Papa Kow ya yi wata ƙara ya faɗa ruwa iya ƙugu. Su huɗu suka jawo ta. Tsawonta ya kai ƙirjin mutum, jikinta fari sol yana ɗaukar ido, idonta ja. Shekara uku Tahidu yana shirya wannan haɗuwar a ransa: shi da ita da zare, awa guda ko biyu, wanda ya gaji ya sallama. Papa Kow ya ɗauki kulki ya ba ta biyu a ka, zancen ya ƙare.

Adzo ta tsuguna ta buɗe bakin kifin, ta sa yatsa, ta yi dariya.

"Wannan ya sha yaƙi. Ku duba."

Ta zaro ƙugiya biyu. Ɗaya sabuwa ce, ɗaure da siririyar waya. Ɗayar ta yi tsatsa, nama ya fara rufe ta, amma a wuyanta ga jan zaren ɗinki, naɗi bakwai, irin ɗaurin da mutum ɗaya ne ke yin sa a duk Tamale. Buraima ya matso ya ɗauki tasa daga tafin Adzo, ya sa a aljihu. Ya naɗe zarensa, ya cire hularsa daga reshe, ya tofar da yawu a gefen ƙafar Tahidu, ya kama hanya.

"Wannan naka ne, ko?" in ji Adzo, ta miƙo masa mai jan zaren. Ya karɓa. Ta zaɓo tarwaɗa uku masu kyau ta jefa masa a jaka, sannan idonta ya kai kan buhun dusa da ke yashe a gindin kanya. Ta yi wa ɗaya daga cikin mazan magana, ya ɗauka ya zazzage shi duka a ramin.

"Tela, Lahadi ka kawo wani, ka ji? Kifi ya saba da abincinka. Mu za mu zo nan kullum yanzu, kai ma ka zo ka zauna, ba mai hana ka."

Da zuciya ɗaya ta faɗa, shi ya sa ma ya fi ciwo. Ya dubi dutsen. An riga an shimfiɗa jiƙaƙƙen taru a kansa, ɓawon kifi ya manne ko'ina, wani ya rataya wandonsa a reshen hula.

A jirgi suka mayar da shi tungar, ƙafarsa na taɓa wutsiyar Magajiya. Gindin mangwaro ba kowa, inuwarsa ta dawo masa. Ya hau babur ya bi burji, ya hau kwalta, rana na dukan ƙeyarsa, ko ruwa bai tsaya sha a Yapei ba. Da ya iso bakin gari, inda ya saba karyawa ya zaga don a ga ya shigo ta hanyar Kumbungu, hannunsa ya fara juya kan babur da kansa. Ya taka birki ya tsaya a gefen titi, motoci na yi masa hon. Ya daɗe a nan. Sannan ya miƙe sosai ta tsakiyar gari, ya wuce ta gaban benci, masu zama suna bin sa da kallo suna mamakin ta inda ya ɓullo.

Awawu na tsakar gida tana tankaɗe, ba a ma yi la'asar ba. Ta karɓi jakar ta leƙa, ta dubi wuyan rigarsa da ya yage, ba ta tambaya ba. Buraima ya riga shi isowa unguwa, kuma a Zongo labari ba ya jiran babur.

Ya shiga ɗaki ya buɗe gwangwanin da yake tara maɓallai, ya jefa ƙugiyar a ciki ya rufe. Ya zauna bakin gado yana shafa tafin hannunsa. Can Awawu ta ɗaga labule, da ƙwaryar dusar da ta tankaɗe a hannu.

"Maigida, gobe Litinin. In jiƙa?"

Ya dubi ƙwaryar.

"Ba wa kaji," ya ce.